Zaren Hannun Baba Sale

A shekarun farko bayan Turawa sun naɗe tutarsu, abu biyu na ga sun canza a Janfalan: an rataye sabon hoto a ajinmu, kuma wani mai tebur ya sayo rediyo daga Zariya. A bakin rediyon nan dattawan unguwarmu suka ji cewa a ƙasashen waje akwai 'yan damben da suka fi buhun gyaɗa nauyi, suna sa safar hannu ta fata, suna duka da hannu biyu. Labarin bai yi musu daɗi ba. Gidanmu na mahauta ne, dambe gadonmu ne, don haka kullum sai an yanke hukunci a zaure cewa mutanen yanzu jiki ne kawai, hannu ya tafi da mutanen da. Babbar hujjarsu ita ce kakana, marigayi Mati, wanda aka ce ya taɓa naushin ƙyauren zaure ya ɓurma shi.

Kotun ɗaukaka ƙara tana cikin gida, a gindin murhun kakata, Iya Dije. Bayan sallar isha'i mukan kewaye ta da gutsattsarin rake, ita kuwa tana murza mazari. Ita ce mai tufka zaren da 'yan damben gidan suke naɗe hannu da shi, tun tana amarya. Da na kai mata maganar ƙyaure, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Gara ta riga ta cinye shi, maigidan," in ji ta, don haka take kirana. "Ko kai da ka jingina da shi sai ya faɗi. Wata uku ina cewa a sake shi."

A kakar shekarar da rediyon ya zo aka shiga damuwa. Makaɗa sun haɗa ƙanen mahaifina, Baba Sale, da wani ƙato daga Kudan mai suna Ɓauna, wanda aikinsa loda rake a manyan motoci. A Makarfi za a kara. Baba Sale siriri ne, irin wanda idan ya tsaya a gefe sai ka sake dubawa. In ya janye, makaɗa za su daina kaɗa taken gidanmu a fage, taken da aka gada tun daga Mati. In ya shiga, kowa ya ga Ɓauna.

Saura kwana huɗu ya zo ya durƙusa kusa da wuta.

"Iya, a ninka mini zare. Kamu arba'in nake so. An ce hannun mutumin nan idan an naɗe shi ya kai ƙwarya. In ba haka ba, gara in zauna a gida."

"Ubanka kamu ashirin yake sawa, Auta."

"Mutanen zamaninsa ba su kai na yanzu girma ba."

"Gaskiyarka," ta ce. Muka zuba mata ido, don ba mu taɓa jin babba ya yarda da wannan magana ba. "Gyara zama. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba sai kun yi mata maraba ba."

Ta ce shekarar da aka haifi mahaifina, wani dogo ya zo daga wajen Gubuchi yana neman Mati. Da ya ji ana yabon naushin Mati, sai ya ɗauka sirrin a zare yake. Ya sa aka naɗa masa ninki biyu, ya kuma tsoma hannun a ruwa don ya ƙara nauyi. A dambe turmi uku ake yi, wato karawa uku. A na farko, dogon ya kai duka, iskarsa kaɗai ta sa mata rufe ido. Mati bai yi komai ba sai kaucewa, har 'yan kallo suka fara yi masa ature. A na biyu haka. A na uku, hannun dogon da ke sama kamar mashi ya sauko daidai ƙugu, don babu kafaɗar da za ta riƙe jiƙaƙƙen zare har tsawon wannan lokaci. Nan Mati ya shiga, ya ɗana masa guda ɗaya a muƙamuƙi, gwiwa ta taɓa ƙasa, aka ɗaga hannu.

"Da dukan dogon ya same shi fa?" na tambaya.

"Da tun ranar na zama bazawara, kai kuma ka samu mata da wuri." Ta juya ga Baba Sale. "Ubanka bai fi kowa ƙarfi ba. Ni nake gasa masa jiki, na san inda yake ciwo. Ya dai san abin da hannunsa zai iya ɗauka har ƙarshe. Kuma ba a ce ka rushe mutum ba, ƙasa kawai ake so ya taɓa. Kamu ashirin zan tufka. In ka ga dama ka sa, in ba ka ga dama ba in ɗaure akuya."

Ya tashi ya fita. Ranar tafiya, zaren ba ya kan ƙusar da ta rataye shi.

Mahaifina ya ɗora ni a bayan keke muka tafi Makarfi. Zan faɗi abin da na gani, ba abin da aka riƙa faɗa daga baya ba. Baba Sale ya sha duka a kafaɗa wanda ya sa shi sati biyu yana cin tuwo da taimako. Amma a turmi na uku Ɓauna ya gaji da farautar abin da ba ya tsayawa, ya kai wani wawan naushi da dukan jikinsa, Baba Sale ya goce ya taɓa shi a bayan kunne, ƙaton ya dafa ƙasa da hannu. Ko faɗuwa bai yi ba. Dokar kuwa ba ta tambayi girma ba. Kalangu ya ɗauki taken gidanmu, mahaifina, wanda ban taɓa ganin ya yi rawa ba, ya yi wani abu mai kama da ita.

Shekara talatin da wani abu na yi ina koyarwa tsakanin Ikara da Kudan, kuma a ajin ne na fahimci Iya. Na ga yaran ƙauye da suka firgita da 'yan makarantun birni, suka loda wa kansu littattafan da ba za su iya ɗauka ba, suka gaji kafin jarrabawa. Na ga waɗanda suka riƙe kaɗan suka san shi ciki da waje, suka wuce. Har yau samari suna gardama a gidan kallo ko tsofaffin zakaru za su iya da ƙattan yanzu, kowa da ma'auninsa, babu mai shiga fage a cikinsu.

Da Baba Sale ya tsufa, yana koya wa jikoki naɗin hannu, na taɓa tambayarsa tsakani da Allah: da Mati zai kashe irin waɗannan dogayen da muke gani a talabijin?

Ya dubi hannunsa.

"Wallahi ban sani ba, Malam," ya ce. "Amma da an kaɗa masa take, da ya fito."