Ya Gana da Sufeton Talabijin

Ya Gana mai sayar da turaren wuta ce a unguwar Abbaganaram. Mijinta, Ahmed, dillalin shanu ne. A shekarun da hanyoyi suka zama abin tsoro, ya tafi wajen garin Khaddamari duba wasu shanu, bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Ta yi ta sintiri ofis-ofis, asibiti-asibiti, har masu gadi suka san ta. Da sun hango ta sai su ce, "Hajiya, har yanzu shiru." Daga baya ta daina zuwa.

A lokacin ne ta kama kallon wani shirin 'yan sanda mai dogon zango da aka fassara da Hausa. Kowane mako wani zai ɓata ko a kashe shi, wani dogon sufeto ya bi sawu, kafin a gama shirin an gano gaskiya. Da farko matan layin kan cika mata tsakar gida bayan magariba, ana kallo ana gardama, rabi Hausa rabi Kanuri. Sannu a hankali suka watse. Maƙwabciyarta Ketura ta ce, "Labarin ɗaya ne, sunaye kawai suke canzawa."

Ya Gana ba ta musa ba, amma ba ta daina ba. Sufeton ya yi furfura a gabanta, ya yi tumbi, gudu ma ya gagare shi, sai an rufe da kiɗa. 'Yarta Munawwara, wadda take firamare da aka fara shirin, ta gama karatu har ta kama aiki. Ko lokacin da garin ya daɗe babu wuta, da 'yar sola take kallo.

"Ya, ba ki gaji ba?" Munawwara ta tambaye ta wata rana.

"Na gaji mana. Ko dariya ba ya ba ni yanzu."

"To me kike kalla?"

"Wurin da 'yan sandan suke zuwa su zauna su gaya wa matar mutumin abin da ya faru. Shi kaɗai nake jira."

Da ambaliya ta ci unguwar, talabijin ɗin ya sha ruwa tare da katifu da buhunan itacen turare. Bayan ruwa ya janye sun koma gida, Munawwara ta kai shi shagon Nnadozie mai gyara. Ya buɗe, ya ga laka har ciki.

"Ki gaya wa Mama wannan ya gama aiki," in ji shi.

Munawwara ta ce za ta saya mata wani. Ya Gana na zaune tana kankare laka daga tukwanen turare, ba ta ko ɗago kai ba.

"Bari tukuna. A fara gyara bangon nan."

An gyara bango. Shirin yana nan, an ce har an kawo sabon sufeto, matashi. Ya Gana ba ta ƙara tayar da maganar talabijin ba. Bayan sallar magariba takan ɗan zauna a ƙofar ɗaki, sannan ta shiga ta kwanta.