Malam Badaru da Takardar da Ake Yagawa Biyu

Duk ranar kasuwar Rogo, da hantsi, za ka hangi Malam Badaru ya taho daga Gwangwan a kan tsohon kekensa, buzu a naɗe a baya, kwalbar tawada a aljihu. Sai ya jingine keken a jikin tsamiyar da ke bayan rumfunan 'yan gyaɗa, ya shimfiɗa buzu, ya fiƙe alƙalaminsa na kara. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Rigima yake jira. Shekara talatin da huɗu ke nan yana sasanta fatake, da yawansu baƙi daga Maraɗi da Damagaram.

Ni igiya nake tufkawa a gindin tsamiyar nan, don haka a gabana ake komai. Idan mutum biyu suka daidaita, Malam yakan rubuta abin da suka yarda da shi da ajami sau biyu a takarda ɗaya, sama da ƙasa, kowa ya dangwala yatsa. A tsakiya sai ya zana kwanson gyaɗa, ya yaga takardar a karkace ta kan zanen, ya miƙa wa kowa rabi. Na sha zama ina tunanin rabin da ya ƙetare iyaka, ko yana kewar ɗan'uwansa. Abu ɗaya ne Malam bai taɓa yi ba: rubuta sunansa. Yakan ce, "Maganarsu ce. Me sunana zai yi a ciki?"

Bara waccan wani falke daga Maraɗi, Hammawa, ya sayi gyaɗa wajen Alhaji Maikuɗi, ɗan ƙanwar Malam. Da ya isa gida aka kwance buhu arba'in, aka tarar danshi ya lalata su. Gyaɗar kuwa ta wasu mata ce masu matsar mai da suka aiko shi, har sun fara cewa ya cuce su. Ya dawo Rogo ido jawur. Malam ya zaunar da su, aka daidaita cewa da kaka Maikuɗi zai musanya buhunan. Aka yaga takarda.

Kaka ta zo, gyaɗa ta yi tsada, Maikuɗi ya sauya murya. "Wace takarda? Mai hoton gyaɗa? Ya kai ta kotun ƙasarsu mu gani!"

Hammawa ya nemi wata lauya 'yar Ƙaraye, Jamilatu. Ta zo har gindin tsamiya, ta durƙusa ta gaida Malam, ta tambayi iyali da gajiya, sannan ta ce, "Baba, akwai yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Singafo, Najeriya tana ciki. Idan 'yan kasuwar ƙasashe biyu suka yi sulhu a rubuce, kotu tana iya sa a cika shi, ba sai an ɗauko shari'a daga tushe ba."

Na kasa haƙuri, na ce, "'Yata, su ma can suna da tsamiya?"

Ta yi dariya ta ce, "Baba mai igiya, ɗaki suke shiga mai sanyi." Ta juya ga Malam. "Su biyun sun dangwala. Saura shaidar cewa mai sulhu ne ya sasanta su. Sa hannunka nake roƙo."

Malam ya ce su dawo da la'asar, ita da Hammawa. Kafin la'asar labari ya kai wa Maikuɗi, ya zo a fusace.

"Kawu, baƙo za ka goya wa baya a kan jininka?"

"Zauna, ɗana. Ranar da ka dangwala yatsa, wa ya riƙe maka kwalbar tawada?"

"Kai ne."

"To, akwai rabin takarduna sun fi ɗari a ƙetare, a cikin akwatunan mutanen da ba su da kowa a Rogo sai su. Idan wannan ta mutu, duk sun mutu tare da ita."

Ya sa aka je aka ɗauko rabin Maikuɗi, aka haɗa shi da na Hammawa a kan buzu. Kwanson gyaɗar ya koma guda. Ya tsoma alƙalami, ya rubuta Badaru ɗan Sulle, karo na farko a shekara talatin da biyu.

Magana ba ta kai kotu ba. Kwana tara bayan haka muka ga ana loda buhu arba'in a mota. Amma Malam ya biya nasa farashin: ƙanwarsa ta yi wata biyar ba ta taka gidansa ba, Maikuɗi kuma sai da babbar Sallah ya sake gaishe shi.

Malam Badaru, kai ne mai ɗinke abin da ka yaga da hannunka. Manyan duniya sun hau jirage sun taru don a girmama maganar da aka ƙulla, kai kuwa da keke ka riga su isa. Yanzu idonka ya yi rauni, ka ce daga wannan kaka ka naɗe buzu. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya.

Ku dattawan kasuwanninmu, daga Yammedi har Rogo, tsamiyar tana nan, inuwarta ba ta ragu ba. Wanda zai zauna a wurin ya zo da tawada, ya kuma zo da zuciyar da za ta iya rubuta sunansa ranar da mai laifin ya kasance ɗan ƙanwarsa.