Tabkin da Aka Ba Kura Gadi

Ƙauyenmu, can bayan Gangara, ya girmi gandun daji. Kakanninmu suka sare wurin suka zauna, amma da aka zo aka kafa duwatsun iyaka, sai muka wayi gari a ciki. Itatuwa sun kewaye mu ta ko'ina, mu kuwa da kara da busasshen kashin shanu muke girki, don reshe ɗaya in ka sara, masu gadin daji za su ƙwace gatarinka.

Lokacin sanyi, in an gama cin tuwo, kakata Inna Delu takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Wutar kara ba ta jimawa, shi ya sa tatsuniyoyinta gajeru ne. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ta yi mana ranar da masu gadi suka kama babana yana karkaɗo wa akuyoyinmu ganyen gawo, aka ɗaure shi a gindin itacen har la'asar.

"Ga ta nan ta iso," in ji Inna.

"Ta zauna mu ji ta," muka amsa.

Wai fari ya yi tsanani, tabki ɗaya ya rage a dawa. Zaki ya tara namun daji ya ce kowa ya daina sha, a bar ruwan saboda 'yan baya, ya ba Kura gadi. Barewa, wadda a bakin tabkin aka haife ta, ta zo ta jiƙa harshe kawai, Kura ta karya mata ƙafa. Amma in Giwa ta taho da danginta, sai Kura ta duƙa, wai ƙaya take cirewa. Da ruwa ya ƙare, Zaki ya tambayi wanda ya shanye, Kura ta nuna masa sawun Barewa.

Na ce, "Inna, to mi anka yi ma Kura?"

"Ba a yi mata komi ba, maigidana. Wani tabki anka ƙara mata."

"Wagga tatsuniya ba ta da daɗi."

"Ni ma ban ce tana da daɗi ba. Tashi ka kai ma ubanka ruwan zahi, hannuwanai sun kumbura."

Sai da na girma, na ga motocin gawayi suna fita da rana tsaka ta gaban masu gadin, sannan na gane tatsuniyar. Inna ba ta ƙi dajin ba. Ta san saiwar da ke maganin shawara, kuma ko tsamiya ɗanya ba ta yarda mu tsinka. Abin da ya ci mata rai shi ne a mai da ita ɓarauniya a inda aka binne cibiyarta.

Daga baya 'yan bindiga suka shiga dajin. Masu gadi suka riga kowa gudu. Mu ma muka kwaso abin da ya samu muka dawo garin Isa, muka bar gonaki da kabarin Inna.

Bara wani mutum ya zo da takarda, yana bin gidajen 'yan gudun hijira, wai ana son jin ra'ayin mazauna gandun daji game da kare shi. Babana, wanda yanzu ido ya yi masa rauni, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya nuna masa hanyar ƙauyenmu da sanda.

"Mazaunan suna can ciki, malam," ya ce. "Tahi ka tambaye su."