Dutsen da Jaye Ya Aiko

Mudi mai sayar da duwatsun tsakiya ya tsufa yana shimfiɗa tabarma a kasuwar Cadawa. Kakanninsa daga wajen Katsina suka hauro da sana'ar, kuma ido suka bar masa gado. In aka miƙa masa dutsen ado, sai ya lasa, ya ɗaga wa rana, ya faɗi ƙasar da aka haƙo shi. Masu tara duwatsu daga Maraɗi ba sa saye sai sun ji ta bakinsa. Matarsa Lantana takan ce mai lasar dutse ba shi da bakin kushe miyarta.

A shekarar fari ta tamanin da huɗu, wata tsohuwar Bafillata, Gogo, ta durƙusa gabansa da ɗan koren dutse ƙulle a bakin zane. Ta ce ba na sayarwa ba ne. Ɗanta Jaye ya kora sauran shanunsu kudu tun kaka, shiru, sai wannan ya iso mata hannu da hannu. Wanda ya kawo ma bai san inda ya taso ba.

"Malam, faɗa mini inda yarona yake."

Mudi ya so ya ce shi ba boka ba ne, sai ya fasa, ya karɓi dutsen. Ya duba. Zumurrudu ne, korensa bai yi duhu ba, ga jar ƙasa maƙale a tsaga. Ya taɓa ganin irinsa wurin fatake masu fitowa daga kudancin Kafancan. Amma dutse ya fi mutum yawo, wataƙila Jaye saye ya yi a hanya. Ya faɗa mata duka, har da shakkarsa. Ta tambaya ko akwai ciyawa can. Ya ce ƙasar ruwa ce.

"To yana can. Gobe zan tafi."

Ga iyakar ƙasa a rufe, ga Hausarta ba ta nuna ba, kuma bakin Mudi ne ya ɗora ta kan hanya. Ya naɗe tabarma. Lantana ta ɗaure masa guzuri tana mitar cewa tsoho zai bi tsohuwa su ɓata tare.

Sai da damina ta faɗi ya dawo, shi kaɗai, a rame. Ba a inda ya ce suka sami Jaye ba, sai da suka yi ta bin rugage suna tambaya. Gogo ta ƙi dawowa, ta zauna tana tatsar saniya biyun da suka rage.