Sandar Fatsar da Ta Ƙi Bushewa

Ran kasuwar da ta wuce na bi ta layin masu gyaran babur, goye da ƙaramar, ina riƙe da hannun babban, sai wani wari ya tare ni. Wani makanike ne ke dama gam ɗin nan mai bututu biyu a kan marfin gwangwani. Na tsaya cak har ɗana ya ja mini zane. Ban sani ba ko ka san warin, kamar an ƙona gashi kusa da kifin da ya kwana. Ni dai zauren kakana ya mayar da ni.

Ƙauyenmu yana bakin ruwan dam, ta wajen Maradun. Kaka, mahaifin babana, ba shi da koma, ba shi da jirgi. Fatsa kawai ya sani, kuma da hannunsa yake haɗa sandarta. Da rani yake saro gora ya rataye ta inda hayaƙin murhu ke bugunta. In ta bushe sai ya gasa ta kan garwashi yana miƙar da ita a gwiwa. Sannan ya ɗora ƙananan zobban waya da igiya za ta bi, ya naɗe gindinsu da zare, ya shafe da ƙaro da kakin zuma. Ni mace ce, babu wanda ya ce in koya. Kunu nake kai masa, in zauna kallo har ya ce, “Amarya, kwanon kika zo tsaro ko mijin?”

A gidanmu, in uba ya miƙa wa ɗansa sanda, wurin zamansa na bakin ruwa ya miƙa masa ke nan. Shekarar da Baba ya fara zancen tafiya Talata Mafara yin kabu-kabu, Kaka bai hana shi ba. Sai ya sauko da gorar da ta fi kowace miƙewa. Kowa ya gane. Yana ganin in Baba ya riƙe ta, ya ji yadda tarwaɗa ke jan hannu, zancen babur zai mutu. Baba kuwa ya ce da an gama maimai a gona zai tafi.

Kawuna, ƙanen innata, shi ya kawo gam ɗin daga Bakura, ya ce ya fi kaki ƙarko, yana ƙyalli kamar madubi. Ya ajiye ya wuce da sauri, yana gudun hadari. Kaka ya shinshina bututun farko, ya shinshina na biyu ya yamutsa fuska. Ya ce abu mai wari haka ai daddawa ne, ba a cika shi a miya. Ya matsa na farkon da yawa, ya ɗiga na biyun kaɗan.

Kwana ya bi kwana, sandar ta ƙi bushewa. Ka taɓa, zanen yatsanka ya fito a jikinta. Ƙudaje suka maƙale, dusa ta maƙale, har gashin kaza. Ya kai ta rana, gam ya zubo ta gefe guda kamar majina. Kakata ta ce a barbaɗa toka, aka barbaɗa, sandar ta koma kamar muciyar da ta faɗi ƙasa. Damina ce, komai ya yi sanyi, ga kukan kwaɗi, ga warin nan ya cika zaure. Kullum da safe kafin ya sha kunu sai ya taɓa ta da bayan yatsa. Baba yana wucewa da fartanya, ba ya duban wajen.

Da Kawu ya dawo ya gani, ya durƙusa gaban Kaka ya ce, “Baba, ai daidai wa daida aka zuba su. Mai warin shi ka sa shi kamawa.”

Kaka ya ce, “To mi hana ka hwaɗi tun ran nan, kana sauri kamar an biyo ka?”

Ba a gyara irin wannan da ƙari. Kaka ya sa reza ya kankare duka, har zaren da ya naɗa da idonsa da ya fara rauni. Ya goge da tsumma da ɗan fetur, ya sake naɗi daga farko. Ya auna gam ɗin gefe da gefe, ya dama har hannunsa ya gaji, ya shafa siriri. Sannan ya ɗora sandar kan gwiwa yana juya ta a hankali don kada ya taru gefe guda, tun hantsi har azahar. Ta bushe ƙarau, kana ganin zaren ta ciki kamar a ruwa.

Amma an riga an gama maimai. Baba ya tafi tun ana kankara.

Da ya zo Sallah, Kaka ya miƙa masa sandar. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yaba, ya jingina ta a bango ya ce, “A aje mani, Baba, sai na dawo.” Kaka bai taɓa kai ta ruwa ba, ya ce ba tashi ba ce. Bayan rasuwarsa zama ya gagara, muka taso gari da abin da kai zai iya ɗauka.

Yanzu ɗana yana zaton kifi a faranti ake haifarsa. Ni ko kusa da baho ban yarda ya je ba, balle hanyar dam da ba a bi sai da addu’a. Kwanan baya ya matsa wa Baba sai ya yi masa fatsa, don ya ji ina labari. Baba ya samo kara da zare, ya zauna a ƙofar gida. Ya naɗa, ya warware. Ya sake, ya sake warwarewa. Ya ɗago ya ce, “Ke da kike zama wurinai, ta ina yaka sa bakin zaren?”

Na karɓa. Hannuna ya tuna farkon, ya kai rabi ya tsaya. Muka zauna ni da Baba da kara a tsakaninmu, yaron yana ta tambaya ko an gama.