Damba Ba Ta Gaggawa

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi shekara arba'in yana tuƙa tarakta, kuma bai taɓa shigar da ita gonar kowa ba sai ya fara zagaye gonar a ƙafa, yana soka wata doguwar sandar ƙarfe a ƙasa. Masu gona su yi ta tsaki, wai tsoho na ɓata musu lokaci. Shi ko a jikinsa.

Da ƙuruciya ya taɓa kutsa tarakta cikin wani fili mai ciyawa kore shar. Da ƙyar ya diro da ransa. Kwana uku yana kallonta tana nutsewa, har bututun hayaƙinta ya ɓace. Tun daga nan yake rarrabe wa mutane ƙasa: "Caɓi ƙafa yake ɓatawa. Taɓo ya ƙwace maka takalmi. Damba kuwa samanta a bushe, cikinta ruwa da laka, kuma ba ta gaggawa."

Da maigidana ya sayi fili da rani, baki har kunne wai ya yi tsintuwa, na ɗauko Kawu ya sa albarka. Ina! Sanda ya soka, ta shige zuruf har rabi.

Ya ce, "'Yar nan, damba ce. Kada ku gina."

Maigida ya yi dariya. "Haba Kawu, tifa ashirin ta yashi za mu zuba."

"Yashin ma ci take yi."

Ni ma, Allah ya yafe mini, gidan haya ya kai ni maƙura, na goyi bayan miji. Ranar da muka tare, Kawu ya kafa sandar a tsakar gida, iya ƙirjina. Ya ce, "Kada kowa ya cire. Ki riƙa duba ta." Bai ga wata damina ba ya rasu.

Shekara biyar ke nan. Ƙofar ɗakin yara sau uku kafinta yana rage mata gindi don ta rufu. Bangon ya tsage, maigida ya shafe da siminti, wai kowane gini sai ya zauna. In na yi magana ya ce na gaji tsoron Kawu. Tsoro kam ina ji, wallahi.

Sandar ta koma iya ƙugu, ta koma iya gwiwa. Jiya da safe autata ta shigo tana kuka, yatsa na jini, wai ta yi tuntuɓe da ƙusa a tsakar gida. Na fita ina masifa, ina neman wanda ya yar da ƙusa. Ashe kan sandar ne.

Na wuce ɗakin yaran, na fara naɗe katifu.