Waƙoƙin da Yaya Ado Ya Kulle

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Ado, mai gangar noma a Ba'awa. Duk damina nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in zauna in rasa abin da nake ji. Bana ma haka nake, 'yarsa Hafsatu ce ta sa ni dole.

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya a ƙasar Kiru ya san aikin Yaya. Yana bin bayan manoma da ganga, yana kiran kowa da sunan kakansa, har raggo ya ji kunya ya duƙa. Da wayoyi suka cika gari, masu tura wa mutane waƙa a waya suka kafa tebur a kasuwar Yako, sai ya tsorata. Ya ce in kowa na da muryarsa a aljihu, wa zai ƙara kiransa gona? Da ya je birni aka ɗauki waƙoƙinsa, ya roƙi mai situdiyon ya kulle su. Aka zuba masa su a kati, ba sa kunnuwa sai a wayarsa shi kaɗai. Ya dawo yana taƙama kamar wanda ya sa wa rumbu sabon kwaɗo.

Bai daɗe da rasuwa ba wayar ta mutu ita ma. Katin yana nan a hannuna. Na kai shi Tudun Wada, na kai Bebeji, na kai birni. Kowane mai gyara ya duba sai ya ce waƙoƙin suna ciki, amma mabuɗin ya tafi da wayar. Mai situdiyon kuwa ya tashi, ba wanda ya san inda ya koma.

Yanzu na ji manyan masu sayar da waƙa na duniya ma suna cire irin wannan kulle, wai sun gane mai saye yake wahalarwa, ɓarawo ko a jikinsa. Ban san me Yaya zai ce ba. Wataƙila ya ce sun yi wauta, don shi in ya kafe ba mai tanƙwara shi.

Hafsatu tana goye aka binne shi. Ta taso tana jin ana cewa ubanta mai murya ne, ita ba ta taɓa ji ba. Watan jiya ta ce mini, "Baffa, ni ba sai waƙa ba. Ko tari ya yi, in dai ji."

Da na rasa wurin zuwa, na nufi Ɗanlami, mai tura waƙar da Yaya ya fi tsana a cikin masu teburin Yako. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya ce, "Allah Ya jiƙan Ado. Akwai ɗaya da na ɗauka a ɓoye ranar wata gayya. Ban taɓa gogewa ba."

Sautin ba shi da kyau, duk iska ce da ƙarar garma. Amma Yaya ne. Waƙar ba ta kai ƙarshe ba, don Yaya ya hango shi, ganga ta tsaya, ya daka tsawa: "Kai Ɗanlami! Kashe wayar nan!"

Na zaci zan yi kuka, ban yi ba, zama kawai na yi. Duk abin da ya adana ya tafi da shi, wanda aka sace masa ne ya rage mana. Hafsatu kuwa ba waƙar take maimaitawa ba, wurin tsawar take komawa. Ta ce, "Ashe haka yake faɗa." Ta sake mayar da shi baya.